Ƙwaya da bindiga a tuhuma ɗaya: Abin da doka ta ce idan an kama naka a Bauchi

Duk wanda ke neman abincinsa a Agege, Mile 12, Sabon Ibadan, Shagamu, Ama Hausa ta Owerri ko Fatakwal ya san cewa tsakaninmu da gida mota ba ta yankewa. Tirela ta sauke shanu, albasa ko hatsi, ta ɗauki lodin komawa. Ɗan uwa ya tare direba a tasha ya ce ga saƙo a miƙa wa wane a Muda Lawal ko Wunti. Haka aka saba, kuma haka zumunci yake tafiya.

To amma ta wannan hanyar ce masu safarar ƙwaya suke bi su ma. Wiwin da ake nomawa a dazukan Ondo da Edo, da ƙwayoyin da ke shigowa ta tashoshin jiragen ruwa, yawanci a mota suke hawa Arewa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ke shaye-shaye a Najeriya, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. Kasuwa ce babba, shi ya sa jami'an NDLEA suke tsaye a manyan hanyoyi, har da waɗanda ke shiga Bauchi daga Jos, Kano da Gombe.

Kama mutum da ƙwaya babbar magana ce. Idan kuwa aka haɗa da bindiga, ko da ta toka ce, to lissafin ya canza gaba ɗaya. Wannan bayani na iyaye ne da 'yan uwa da direbobi da masu motoci, don a san abin da ke gaba da kuma haƙƙin da doka ta ba wanda aka kama.

Wace kotu ce ke da hurumi?

Da yawa suna zaton tunda Bauchi jihar shari'ar Musulunci ce, za a iya kai maganar gaban alƙalin unguwa a sasanta. Ba haka abin yake ba. An kafa NDLEA da doka mai lamba 48 ta 1989, kuma sashe na 26 na dokar ya ce Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron laifukan da ke cikinta. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 251, shi ma ya sa batun ƙwayoyi da na makamai a hannun wannan kotu. Akwai reshenta a cikin garin Bauchi. 'Yan sanda ko Hisba ko 'yan banga suna iya kama mutum, amma idan tuhumar ta dokar NDLEA ce, can za ta ƙare.

Abin da ya fi shafar mu mazauna kudu shi ne, ana iya yin shari'a a inda aka aikata wani ɓangare na laifin. Idan an loda kaya a Legas aka kama su a Bauchi, wanda ya aika ma ana iya bin sa har inda yake, a ɗauko shi a kawo shi Bauchi. Nisa ba ya kare kowa.

Hukuncin ƙwaya ita kaɗai

Sashe na 11 na dokar NDLEA ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya shigo da ƙwaya, ko ya noma, ko ya sarrafa, ko ya yi safararta, ko ya saya ya sayar. Wanda aka samu da ita a hannunsa da saninsa, ko yana sha, hukuncinsa daga shekara 15 zuwa 25 ne, kuma sashe na 19 ya maimaita haka. Mai gida ko mai shagon da ya bari ana ajiya ko ciniki a wurinsa zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25. Wanda ya haɗa baki, ko ya taimaka, ko ya zuga, sashe na 14 ya ba shi 15 zuwa 25, ko da bai taɓa kayan da hannunsa ba.

Wasu sukan ce ai dokar hodar iblis da hiroyin ta ambata, ba ta ce wiwi ba. Gaskiya ne sunayen da ta kira ke nan, amma ta ƙara da cewa da duk wata ƙwaya mai kama da su, kuma tun 2012 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wiwi yana cikin wannan sahu. Maganin tari mai kodin, gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi tun watan Mayun 2018. Tiramadol kuwa, mai ƙarfin 50 da 100 ne aka yarda likita ya rubuta. Irin su 225 da 250 da ake yawan kamawa haramtattu ne.

A aikace alƙalai sukan duba yawan kayan, da ko karon farko ne, da ko mutum ya amsa laifinsa ba tare da ɓata wa kotu lokaci ba, su yanke abin da bai kai wancan ba, wani lokaci har da zaɓin tara. Wannan sassauci ne ya sa wasu ke ganin abin wasa ne. Da zarar makami ya shigo, ƙofar sassaucin takan ƙuntata.

Inda makami ke ɓata lissafi

Sashe na 13 na dokar NDLEA shi ne wanda ya kamata kowa ya riƙe. Ya ce duk wanda ke da hannu a ajiye ƙwaya, ko tsaronta, ko ɗaukarta, ko ɓoye ta, alhali yana ɗauke da makami ko ya ɓad da kama, hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne. A lura da kyau: mai gadin kaya da yaron da aka aika duk sun shiga, ba sai mai kayan ba. Sannan kalmar da dokar ta yi amfani da ita makami ce, ba ta tsaya kan bindiga kaɗai ba. Ke nan matasan da ke yawo da adda ko wuƙa, irin abin da mutanen Bauchi suka daɗe suna kuka da shi na 'yan sara-suka, su ma suna iya faɗawa wannan rami idan aka same su da kaya.

Bayan wannan, ita kanta bindigar tana da nata laifin daban. Dokar Bindigogi, wadda asalinta ta 1959 ce, ta raba su gida uku:

Na farko, haramtattun bindigogi: irin na sojoji kamar AK-47, da masu sarrafa kansu, da duk wata ƙaramar bindiga ta hannu wato fistol, ko ƙirar gida ce. Waɗannan sai da izinin shugaban ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10.

Na biyu, bindigogin farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu. Lasisinsu yana fitowa ne daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Rashinsa kan jawo ɗaurin da ya kai shekara 5. Riƙe harsashi ba izini ma laifi ne mai zaman kansa.

Na uku, bindigar toka da danginta da ake ɗura wa albarushi ta baki. Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke kula da izininsu, kuma hukuncinsu a wannan doka ya fi sauƙi.

Sai dai akwai wata doka ta 1984 mai magana kan fashi da bindigogi. Sashe na 3 nata ya ce wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba zai biya tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. Masu gabatar da ƙara sukan yi amfani da ita sosai. Kuma a idon doka, ɓangaren bindiga ma bindiga ne, don haka cewa ai a kwance take ba hujja ba ce.

Katin ƙungiyar mafarauta ko na 'yan banga ba lasisi ba ne. Lasisi ma na wanda sunansa ke jiki ne, ɗa ba ya gadon na mahaifinsa haka kawai. Kuma lasisi ba ya wanke mutum daga sashe na 13 idan aka same shi yana rakiyar ƙwaya. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe matafiya 16 mafarauta da ke hanyar komawa Kano daga Fatakwal bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Wancan kisan gilla ne da babu dokar da ta halatta shi, amma ya nuna irin hatsarin tafiya da bindiga a wannan hanya.

Ana iya raba tuhumar gida biyu: NDLEA ta riƙe ta ƙwaya, 'yan sanda su riƙe ta bindiga. Tsarin mulki ya hana a yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi ɗaya, amma waɗannan laifuka biyu ne mabambanta. Alƙali ne kuma ke yanke ko hukuncin biyu za su tafi tare ko ɗaya bayan ɗaya.

Akwai matakin da ya fi wannan muni. Idan an yi harbi rai ya salwanta, magana ta koma kisan kai, wanda sashe na 221 na dokar Final Kod ta Arewa ya tanadar wa hukuncin kisa. Idan an yi fashi da bindigar, shi ma kisa ne. Idan kuma aka zargi mutum da kai wa 'yan bindigar daji ƙwaya ko harsashi, tun da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda a watan Nuwamban 2021, ana iya tuhumarsa da dokar ta'addanci ta 2022, mai hukuncin da zai iya kaiwa rai da rai.

Shin ana kashe mai safarar ƙwaya a Najeriya?

An taɓa yi. A watan Afrilun 1985, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, an harbe mutum uku a Legas a ƙarƙashin doka mai lamba 20 ta 1984. Daga baya aka soke wannan hukunci. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince a dawo da shi, amma da aka zauna da Majalisar Wakilai sai aka tsaya kan ɗaurin rai da rai, kuma a watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙi sa hannu kan ƙudurin gyaran. Don haka a dokar NDLEA, rai da rai ne ƙololuwa. Inda kisa ke shigowa shi ne ta ƙofar bindiga, kamar yadda aka bayyana a sama.

Haƙƙin wanda aka kama

Zargi ba hukunci ba ne. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Ga abubuwan da doka ta ba shi tun daga ranar farko:

Yana da damar yin shiru, ya ƙi amsa tambaya har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Sashe na 35 ne ya faɗi haka. Baki shi ke yanka wuya, kuma yawancin shari'un ƙwaya bayanin da mutum ya yi a daren farko ne ke kayar da shi.

Dole a sanar da shi a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji, dalilin kama shi. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Wanda aka kama a cikin garin Bauchi, kotun tana kusa. Idan ana son ci gaba da tsare shi don bincike, sai da umarnin kotu, wanda a karon farko ba ya wuce kwana 14, kuma ba a sabunta shi sai da dalili.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ita ce ke aiki a Babbar Kotun Tarayya. Ta wajabta wa hukuma ta sanar da danginsa cewa an kama shi, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Ta ce a rubuta duk abin da aka karɓa a hannunsa, kuɗi ko waya ko mota, a ba shi kwafi. Ta ce mace, mace ce za ta caje ta. Sashe na 7 ya haramta kama wani a madadin wani: ba a kama uwa ko mata ko wa don an rasa wanda ake nema. Dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta nanata haka.

Idan zai yi bayanin amsa laifi, sashe na 15 da na 17 sun tanadi a ɗauka a bidiyo, a kuma yi shi a gaban lauyansa, ko jami'in Legal Aid, ko wani da ya zaɓa. Idan ba ya jin Turanci a kawo tafinta, a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu. A 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa bin waɗannan sharuɗɗa wajibi ne. Don Allah a ja kunnen yara: kada a dangwala yatsa a takardar da ba a san abin da ke cikinta ba.

Duka, ratayewa ko barazana don a tilasta mutum ya amsa laifi ne a dokar hana azabtarwa ta 2017, kuma jami'in da ya yi zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25. Dokar shaida ta 2011 ta ce ba a karɓar bayanin da aka samu ta haka. Amma fa sai an faɗa wa lauya da wuri, don a lokacin da aka miƙa takardar a kotu ne ake ƙalubalantarta, alƙali ya yi ƙaramar shari'a a kanta.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, a sani cewa dokar NDLEA ta ba jami'ai ikon bincikar gida ko mota ba tare da takardar kotu ba idan suna da dalilin zargi. Tare musu hanya ko tara jama'a a yi musu ihu wani sabon laifi ne. A bar su su yi aikinsu, a lura da komai, a kai ƙorafi gaban alƙali.

Abin da dole a tabbatar a kotu

Mai gabatar da ƙara ne ke da nauyin kawo hujja, har ta kai babu sauran kokwanto. A kan ƙwaya, sai ya nuna abu uku: kayan suna hannun wanda ake tuhuma ko ƙarƙashin ikonsa, gwaji ya tabbatar ƙwaya ce, sannan ya san da su kuma ba shi da izini. Shi ya sa ake auna kayan a gwada su a gabansa, a cike takardu ya sa hannu, a aika samfur ɗakin gwaji. Ya duba nauyin da aka rubuta kafin ya sa hannu. A kan bindiga kuma, sai a nuna bindiga ce a ma'anar doka, tana hannunsa, kuma ba shi da lasisi.

Wannan kalma ta “sani” ita ce rayuwar direba da yaron mota. Wanda aka ba saƙo a rufe zai iya cewa bai sani ba, amma kotu za ta duba alamu: nawa aka biya shi, a ina aka ɓoye kayan, ya gudu ko bai gudu ba, me ke cikin wayarsa. Direban da ke da rasit na tasha, da sunan mai aikawa da lambarsa, da shaidar 'yan kamasho cewa a gabansu aka loda, ya fi wanda ya karɓi kaya a bakin titi da daddare madafa.

Beli, amsa laifi da ɗaukaka ƙara

Tunda laifukan dokar NDLEA ba na kisa ba ne, ana iya neman beli. Alƙali zai duba ko mutum zai gudu, ko zai sake aikatawa, ko zai taɓa shaidu. Bindiga a cikin tuhuma takan sa a tsaurara sharuɗɗa, kuma wanda mazauninsa ke kudu sai ya nemi tsayayyun masu tsaya masa da aka san gidajensu a Bauchi. Mace ma tana iya tsayawa, doka ta yarda. Beli a hannun hukuma kyauta ne. Duk wanda ya ce a turo masa kuɗi zai “kashe maganar”, ko dai ɗan damfara ne, ko zai jefa ku cikin laifin ba da cin hanci.

Sau da yawa akan ce wa yaro ka amsa kawai a sallame ka. Da ya amsa a gaban alƙali, a ranar ake iya yanke masa hukunci, kuma janyewa na da wuya. Sashe na 270 na ACJA ya buɗe hanyar sasantawa da mai gabatar da ƙara, a amsa ƙaramin laifi a janye babba, amma a rubuce ake yi, da lauya, alƙali kuma ya tabbatar ba tilas. Idan an yanke ɗauri, ana lissafa kwanakin da aka yi a tsare. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 90 ya ɗaukaka ƙara.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar Legal Aid, wadda gwamnati ta kafa tun 1976 don kare marasa ƙarfi, tana da ofis a Bauchi. Akwai kuma reshen ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam idan an yi duka ko tsarewa ta wuce ƙa'ida. Tafinta a kotu kyauta ne.

Dukiya ma ba ta tsira ba

Bayan ɗauri, kotu na iya ƙwace kuɗi, gida ko filin da aka samu ta hanyar ƙwaya, da motar da aka yi safara da ita. Ga masu tireloli da motocin haya, dokar ta bar ƙofa: ba a ƙwace motar haya sai in ya bayyana mai ita ko wanda take hannunsa ya sani ko ya yarda. Amma sai mai motar ya fito da takardunsa ta hannun lauya ya nema, in ya yi shiru mota ta tafi. Ko bayan an fito, tabon yakan bi mutum wurin neman aikin ɗamara ko bizar ƙasar waje.

Idan waya ta zo daga gida

Abu na farko, a gano wace hukuma ce ta kama shi kuma a ina yake. Na biyu, a tura wani dattijo na jiki a Bauchi tare da lauya a ranar, kafin a ɗauki bayani. Na uku, a adana duk wata shaida: rasit, saƙonnin waya, lasisi idan akwai. Kada a goge komai, kada a ɓoye wanda ake nema, don yin haka laifi ne. A sanar da Sarkin Hausawa ko shugaban tasha idan daga can aka yi lodin, domin shaidarsu tana da amfani.

Ga direbobi da masu aika saƙo kuwa, a buɗe kaya a gani kafin a ɗauka, ko na wane ne. Wanda ya ƙi a buɗe, ya riƙe kayansa. Kunyar minti ɗaya a tasha ta fi shekara 15 a gidan yari sauƙi. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.